Minjiryar Gwaggo Da Sakiyar Zamani

Duk wanda ya yi shekara biyu a Alkahira ya san irin wannan kiran waya. Yakan zo ne bayan sallar isha'i daga lambar gida, a fara da doguwar gaisuwa, a tambayi karatu, a tambayi sanyi, sannan a ce, "To, dama wance ce ba ta jin daɗi, an ce a kawo ta nan wajenku." Daga wannan lokaci ka zama mai tarbar baƙi a filin jirgi, ka zama dillalin gidan haya, ka zama ɗan canji, kuma sama da komai ka zama tafinta. Wannan aiki na ƙarshe babu wanda ya taɓa koya mana shi. Muna ɗauka tunda muna jin Larabci da Turanci, kuma an haife mu cikin Hausa, ai magana ta ƙare. Ni ma haka na ɗauka, har zuwa watan Nuwamba na 2018, lokacin ina aji huɗu a karatun likita, da aka kawo mini Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, a lokacin ta kusa shekara 70. Sunan mahaifinsu aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini. Mace ce mai baki da kazar-kazar, wadda ta yi shekara da shekaru tana sayar da atamfa da leshi a cikin gida, matan unguwa na ɗauka suna biya kaɗan-kaɗan. Amma matar da na tarba a filin jirgi ban gane ta ba. Ta rame, ta naɗe fuskarta da mayafi har biyu, ido kawai ake gani. Da na durƙusa na gaishe ta sai ta ɗaga mini hannu kawai. Ɗiyarta da ta rako ta ce ta raɗa mini cewa Gwaggo ta rage magana, domin maganar ma tana tayar da abin.

Abin kuwa shekararsa 6 a jikinta. Wani ciwo ne da ke tsarga mata a gefen dama na fuska, daga dasashin ƙasa zuwa haɓa da leɓe. Ba ya daɗewa, wani lokaci sakan kaɗan, in ya yi tsawo minti ɗaya ko biyu, amma in ya zo sai ta sandare, hawaye na zuba, ba ta iya ko da salati da baki. Ita da kanta ta sa masa suna minjirya, wato kifin nan da in ka taɓa shi yake fizgar ka kamar wutar lantarki. Abin da ke tayar da shi ba wani abu ba ne: asuwaki, tauna, kurɓar ruwa, iskar hunturu in ta bugi kunci, gefen mayafi in ya shafi leɓe. Goro, wanda da ba ta rabuwa da shi, ta bar shi. Wanke fuska a alwala ya zama mata abin fargaba sau biyar a rana. An cire mata haƙora 3 masu lafiya ana zaton su ne, ciwon bai ko gezau ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce hannu ne aka sa mata saboda kasuwarta. Sai daga baya wani likita a gida ya gane cutar, ya ɗora ta a kan ƙwayar kabamazafin, wadda aka fi sani da Tegretol. Ta samu sauƙi na kusan shekara 3. Daga nan ciwon ya fara fin ƙarfin maganin, aka yi ta ƙara yawansa, har ta kai tana tafiya tana tangaɗi saboda jiri, ta faɗi a banɗaki sau biyu.

Likitoci na kiran cutar da sunan jijiyar da take kamawa, tirajeminal, jijiya mai rassa uku da ke kwaso duk abin da fuska ke ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Reshe na farko na goshi da ido ne, na biyu na kunci da gefen hanci da haƙoran sama, na uku na muƙamuƙi da haƙoran ƙasa da leɓen ƙasa da gaban harshe. Na Gwaggo na ukun ne.

Bayan an ɗauki hoton MRI muka zauna gaban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai furfura da ba ya gaggawar magana. Ya ce hanya biyu yake gani. Ta farko a buɗe ƙashin bayan kunne a ɗaga jijiyar jinin da ta kwanta a kan jijiyar, a sa 'yar matashiya tsakaninsu. Wannan ta fi daɗewa tana aiki, amma babbar tiyata ce, kuma da shekarun Gwaggo da hawan jininta da yanayin zuciyarta bai so ba. Ta biyu a shigar da allura ta kunci har zuwa inda rassan uku suka haɗu a gindin ƙoƙon kai, a ƙona wani ɗan yanki na jijiyar da zafin da ake samarwa da igiyar rediyo. Daga nan ya shiga lissafa abin da zai biyo baya. Fatar wurin za ta mutu, kaɗan ko da yawa. Tauna na iya rauni na wani lokaci. In zafin ya taɓa reshen ido, idon zai daina jin ƙura ta shiga, ya yi ta rauni mai shi bai sani ba. Wasu 'yan ƙalilan kuma sukan sami fatar ta mutu amma tana ƙuna ba dare ba rana, wanda ya fi cutar farko wuyar magani. Kuma ciwon na iya dawowa bayan shekaru.

Na juya na ce, "Gwaggo, ya ce ba sai an yi yanka ba. Allura za a sa a kashe ciwon, rana ɗaya a sallame ki."

Ba ƙarya na yi ba, kuma da wannan na yi ta kare kaina a zuciyata. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. 'Yan uwa sun yi karo-karo, an sayar da wani fili, an sayi tikitin mutum biyu. Mahaifina ya ja mini kunne a waya cewa kada in tsorata ta, domin ya san halin yayarsa, in ta ce a'a to ta zauna. Na ga kamar in na ambaci mutuwar fata da ido, za ta tattara kayanta mu koma da ciwo da asara.

Gwaggo ta dube ni ta cikin mayafi, ta dubi likitan, sannan ta yi magana haƙora a datse, leɓe ba ya motsi, kamar yadda ciwon ya koya mata. Ta ce, "Babana, bawan Allahn nan ya auna mini yadi goma, kai ka miƙo mini ƙyalle. Ina sauran?"

Kunya ta rufe ni. Likitan bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskata, ya rufe fayil ɗin ya ce mu je gida in yi mata bayani a tsanake, in ta fahimta mu dawo, in ba ta fahimta ba kada mu dawo.

A daren nan, a ɗakin da muka kama musu a Hayyul Ashir, na yi karatun da ban taɓa yin irinsa don jarrabawa ba. Matsala ta farko da na ci karo da ita a harshenmu take. Jijiya muke ce wa mai ɗaukar jini, jijiya muke ce wa mai ɗaukar saƙo, jijiya muke ce wa ta agara. In na fassara abin da hoton ya nuna kai tsaye sai in ce jijiya ce ta danne jijiya, wanda ba bayani ba ne. Sai na ɗauko wayar wata tsohuwar butar lantarki da ta ƙone, na feƙe ta da reza, na nuna mata siraran zaren da ke ciki. Na ce jijiyar saƙo haka take, damin zare ne dubbai. Wasu masu kauri ne, an naɗe su da wani rufi mai kitse da ake kira mayelin, su ke ɗaukar saƙon taɓi da umarnin motsi, kuma mafi saurinsu kan kai mita 100 ko fiye a sakan ɗaya. Wasu sirara ne, rufinsu kaɗan ko babu sam, su ke ɗaukar zafi da raɗaɗi, mafi nawarsu ba su wuce mita 1 ko 2 a sakan ba. Shi ya sa in mutum ya yi tuntuɓe yakan fara jin bugun, sai can zogin ya iso. A wajenta, jijiyar jini ce ta kwanta a gindin wannan dami tana bugawa da kowane bugun zuciya shekara da shekaru, har rufin ya goge a wurin. Da rufi ya goge, saƙo kan tsallaka daga wannan zare zuwa wancan. Iska ta shafi leɓe, saƙon ya taso a matsayin taɓi, ya isa ƙwaƙwalwa a matsayin wuta.

Ta gyaɗa kai. Wannan ta gane shi sarai, domin ta taɓa ganin waya ta haɗu ta yi tartsatsi a shagon maƙwabcinta.

Sai maganar ƙunar. Na ce allurar a rufe take duk tsawonta, sai 'yan milimita a tsininta. Za a manna mata wani faranti a cinya, a saki wutar lantarki ta bi daga tsinin allurar ta ratsa jiki ta fita ta farantin. Ta zaro ido. Na ce ba irin wutar gida ba ce. Ta gida tana kai-komo sau 50 a sakan, shi ya sa take fizgar tsoka. Wannan tana kai-komo kusan sau dubu 500 a sakan, dab da inda tashoshin rediyo na matsakaicin zango suke farawa, daga nan ma ta samo sunanta. Saurin ya yi yawan da tsoka da jijiya ba sa iya amsa shi, don haka ba ta fizga. Abin da take yi shi ne girgiza ƙwayoyin gishirin da ke cikin ruwan nama, su yi ta gogar juna har su yi zafi. Wato ba allurar ce ke zafi ta ƙona nama ba, naman ne da kansa yake ɗumama a kewayen tsinin, allurar kuma tana ɗauke da ma'aunin zafi tana faɗa wa likita inda aka kai. Jikin mutum digiri 37 yake. In jijiya ta ɗan haura 40 saƙo kan fara tsayawa, amma in aka bari ta huce sai ta farfaɗo. Daga wajen 45 lahani mai ɗorewa yake farawa. In aka kai 60 zuwa 80, abin da ke faruwa da farin ƙwai a kasko shi ke faruwa da ita, ta daskare ba ta komawa. Likita ba ya bari a kai 100, domin a nan nama ke tafasa ya babbake. Duk faɗin wurin da ake ƙonawa bai fi ƙwayar wake ba.

Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato sakiya ce."

Na fara musu, irin na ɗan boko da aka taɓa masa karatu. Na ce ina sakiya ina wannan? Sakiya ƙarfe ake sawa a wuta har ya yi ja a huda kumburi, babu awo babu lissafi. Amma da na kwanta na yi ta juya maganar sai na ga ba ta yi nisa da gaskiya ba, kuma tarihin aikin ma yana bayanta. A farkon shekarun 1930 wani likitan Jamus, Martin Kirschner, ya riƙa shigar da allura wannan wuri yana ƙona shi da lantarki. Ciwo yana tafiya, amma da yake ba a iya sarrafa zafin, yakan ci abin da ba a aike shi ba, mutane su tashi da lalataccen ido ko wata jijiyar ta shanye, har likitoci da yawa suka guji aikin. William Sweet na birnin Boston a Amurka ne ya dawo da martabarsa. Shi da James Wepsic suka wallafa sakamakonsu a 1974, bayan sun ƙara abu uku: ma'aunin zafi a bakin allura, 'yar ƙaramar wuta ta gwaji kafin a ƙona, da maganin barci mai saurin sakin mutum domin a tashe shi a tambaye shi. Bambancin sakiyar da da ta yanzu ke nan, awo da tambaya.

Akwai wani abu da na so ƙwarai in faɗa mata, domin yana da daɗin ji, amma na haɗiye. A 1968 wasu masu bincike biyu, Letcher da Goldring, sun gwada zafi a jijiyar kyanwa, suka ga saƙon siraran zaren nan masu ɗaukar raɗaɗi yana riga na masu kauri ɗaukewa. Aka daɗe ana koyar da cewa zafin yana zaɓe, yana kashe ciwo ya bar taɓi. Amma da wasu suka zo daga baya suka duba jijiyoyin da aka ƙona a madubin likita, sai suka tarar a tsakiyar ƙunar babu wanda ya tsira, manya da ƙanana duk sun mutu. Wuta ba ta san zaren ciwo ba. Abin da likita ke da iko da shi shi ne inda zai sa ta da yawan da zai sa, ya rage zaren har ciwon ya rasa hanyar tashi, ya bar saura da za su ɗauki ɗan taɓi. Kuma nan ne cinikin yake: gwargwadon yadda fata ta mutu, gwargwadon daɗewar sauƙin. In an ƙona sama-sama fuska za ta ji, amma ciwon ya fi saurin dawowa.

Na kawo mata alƙaluman da na samu. Wani likita a Ankara ta Turkiyya, Yücel Kanpolat, shi da abokan aikinsa sun wallafa a 2001 abin da suka gani a marasa lafiya 1,600 cikin shekara 25. Fiye da 97 cikin 100 ciwon ya ɗauke musu nan take. Bayan shekara 5, kusan 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sau ɗaya ne ba su da ciwo. Waɗanda suka gamu da ƙunar nan da ba ta jin magani ba su kai 1 cikin 100 ba. Ɗiyarta ta tambaya ko babu irin wanda ba ya kashe fata. Na ce akwai wanda ake sakin wutar tsit-tsit ana hutawa, ba a barin zafi ya wuce digiri 42, kuma ana amfani da shi a wasu ciwukan, amma da aka gwada su biyun a kan wannan cuta a Santambul a 2007, mai sanyin bai yi abin kirki ba.

Tambaya uku Gwaggo ta yi mini. Bakina zai karkace? Na ce a'a, mai motsa fuska wata jijiya ce daban, ba a zuwa kusa da ita. Zan tauna goro? Na ce ina sa rai, amma mai yiwuwa a ɓangaren hagu na wasu watanni, domin zaren da ke ba tsokar tauna umarni tare da reshe na uku yake tafiya. Sai ta ce, "In na wanke fuskata, zan ji ruwan?" Na ce, "Gwaggo, wannan ba zan iya yi miki alkawari ba."

Ta ce in je in kwanta.

Kwana biyu ba ta ce komai ba. Mahaifina ya kira ya wanke ni tas, ya ce an aike ni in kai mara lafiya asibiti na je ina yi mata lacca. Kuɗin haya na tafiya, ni kuma ina da jarrabawa a makon da ke tafe. Ba zan ɓoye muku ba, a kwanakin nan biyu na yi da-na-sanin faɗin gaskiya fiye da sau ɗaya. A rana ta uku da safe tana kurɓar kunu abin ya tsarga mata, kofin ya suɓuce, na tsaya ina kallo ba abin da zan iya. Da ya sake ta, ta share hawaye ta ce, "A kai ni. Amma ka faɗa masa, kuma ka faɗa masa duka, kada ya kashe mini ita gaba ɗaya. Ya bar mini yadda zan san ruwa ya taɓa ni. In ta dawo, ta dawo."

Na faɗa masa duka. Ya ce haƙƙinta ne, kuma zai yi a hankali, mataki-mataki.

Da yake aikin ba ya yiwuwa sai da magana da mara lafiya, aka ba ni kayan tiyata da rigar dalma mai nauyi saboda hasken eksire, na tsaya a saitin kanta. Aka sa mata maganin barci ta jijiyar hannu. Likitan ya sa yatsa ɗaya cikin bakinta don kada allurar ta huda ciki, ya soka ta a kunci kamar santimita 2 da rabi daga gefen baki, yana tura ta sama yana duban allo, har ta shige wata 'yar kafa da ke gindin ƙoƙon kai. Na karanta wannan kafa a littafi, na taɓa ta a ƙoƙon kan da muke karatu da shi, amma ganin allura mai tsawon yatsa da rabi ta ɓace cikin fuskar Gwaggo sai da gwiwoyina suka yi sanyi.

Aka dakata har ta farka. Likitan ya saki 'yar wutar gwaji, ya ce in tambaye ta ina take jin ta.

"Gwaggo, kina jina? Me kike ji?"

"Kiyashi," ta ce cikin magagi. "Kiyashi na tafiya."

"A ina?"

"A kumatu."

Kalmar Larabci ta kumatu tana bakina, saura kaɗan in sake ta. Sai na tuna kumatu a wajenmu ya haɗa sama da ƙasa, alhali a wajen jijiya gida biyu ne daban. Na sunkuya na ce, "Gwaggo, wajen haƙoran sama ko na ƙasa?"

Ta yi jim. "Sama. Har gefen hanci."

Reshe na biyu ke nan, wanda lafiyarsa ƙalau. Allurar ta ɗan zarce. Da an ƙona a nan, da ta tashi da mataccen kunci, minjiryarta kuma tana nan daram a haɓa. Likitan ya janyo allurar baya kaɗan, abin da bai fi kaurin tsinken ashana biyu ba, ya sake sakin wutar. Wannan karon ban ma tambaya ba. Ta ce, "Yauwa. Nan ne gidanta." Leɓen ƙasa da dasashi.

Aka mayar da ita barci, na ga lambar da ke jikin na'urar tana hawa har ta tsaya a 65, aka riƙe ta minti ɗaya. Aka tashe ta, likitan ya ɗauki tsinin allura yana taɓa haɓarta, hagu sannan dama, ni kuma ina tambaya, tsini ko taɓi? Ta ce tsini, duka biyun. Aka sake, wannan karon 70. Da ta farka ta ce, "Na hagu tsini. Na dama ina jin ana taɓa ni, amma tsinin ya dakushe." Ya shafi gefen idonta da zaren auduga, ta ƙifta. Ya dube ni ya ce da wani ne da ya ƙara sau ɗaya, amma ita ta riga ta faɗi inda za a tsaya. Ya zare allurar, aka manna ɗan filasta.

Washegari da asuba na ji motsin ruwa a banɗaki ya daɗe. Sanyin Disamba ne, ruwan famfon Alkahira kuwa kun san shi. Ɗiyarta ta leƙa ta dawo tana dariya tana kuka, ta ce Gwaggo ce ke ta watsa ruwa a fuska, ta ƙi dainawa.

Ba a kyauta ta samu ba. Rabin leɓenta na ƙasa da haɓa da gefen harshe sun yi nauyi, kamar wanda aka yi wa allurar cire haƙori ta ƙi sakinsa. Ta ciji cikin kumatunta sau da yawa ba ta sani ba sai ta ga jini. Shayi ya taɓa ƙona mata leɓe, daga nan ta koyi fara gwada komai da ɓangaren hagu. In tana shan fura wani lokaci takan zubo ta gefen baki, jikokinta su nuna mata, abin yana yi mata ciwo a rai ko da ba ta faɗa ba. Ruwa kuwa tana jin sa, amma ta ce kamar ta bayan ƙyalle. Aka janye ƙwayoyin a hankali, jirin ya tafi, bakinta ya dawo, masu bashin atamfa suka shiga uku.

Tunda da yawanmu iyayen da ake kawo mana ciwon baya ko na gwiwa ne ke kawo su, bari in ƙara wannan. Irin wannan ƙuna ake yi wa ƙananan jijiyoyin da ke kwaso raɗaɗi daga gaɓoɓin ƙashin baya, galibi digiri 80 na sakan 60 zuwa 90, kuma tun wajen 2011 ta yaɗu zuwa gwiwar da ta goge. Ba ta gyara gaɓar, mai kai rahoto kawai take tsayarwa. Kuma a waɗannan wurare jijiyar tana sake tsirowa. Tun 1850 Augustus Waller ya nuna a jikin kwaɗi cewa in aka katse zaren jijiya, ɓangaren da ya rabu da uwarsa yakan ruɓe. Amma kwararon da zaren ya bi yana nan, sabon zare ya biyo shi yana tafiya kamar milimita 1 a rana. Shi ya sa sauƙin baya da gwiwa yakan ɗauki watanni 6 zuwa shekara ɗaya ko fiye kaɗan, sannan a sake. Duk wanda ya ce wa tsohonka an kashe ciwon har abada, ko asibiti ne ko ɗan uwanmu ɗalibi mai jiran kamasho, ƙyalle ya miƙa masa. Ta fuska ta fi daɗewa, domin can gindi ake ƙonawa, inda zaren da ya mutu ba ya samun hanyar komawa cikin ƙwaƙwalwa da sauƙi. Amma waɗanda zafi ya gasa bai kashe ba sukan farfaɗo sannu a hankali, kuma na Gwaggo da gangan aka bar da yawansu.

Cikin shekara guda nauyin leɓen ya ragu sosai, ta daina cizon kumatu, goro ya koma dama. A ƙarshen 2022, da hunturu ya kankama, ta kira ni da kanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Babana, mutuniyar ta leƙo." Shekara 4 cif. Ba da ƙarfin da ba, ɗan tsiri ne in ta yi asuwaki. Likitanta na gida ya mayar da ita kan ƙwayar, kaɗan, kuma ta riƙe ta. Na ce mata ana iya sake aikin in ya yi tsanani, kuma in tana so wannan karon a ƙona sosai yadda zai fi daɗewa. Na ji tana tauna wani abu a wayar. Ta ce in bari tukuna ta ga yadda sanyin bana zai kasance, sannan ta tambaye ni nawa ake sayar da yadin leshi a Alkahira yanzu.